Ranar da Na Shafa wa Gilashin Baba Magani ta Ciki

Ni ne na shafa wa gilashin motar Baba maganin ruwa ta ciki. Gara in faɗa da bakina, don a gidanmu har kaji sun san labarin, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Motar Baba tsohuwa ce, da ita yake jigilar albasa tsakanin Illela da Ƙonni. Waifarta mai share ruwan gilashi ta mutu tun daminar bara. Idan aka kunna ta, sai ta ɗaga kai sau ɗaya kamar mai gaisuwa, ta koma ta kwanta. Wani abokin Baba mai canjin sefa ne ya kawo masa 'yar kwalba daga tsallaken iyaka, ya ce in aka shafa wa gilashi ruwan sama ba ya zama, sai ya dunƙule ya gangare. Duk bayanin da ke jikinta da Faransanci aka rubuta. Ni kuwa na daɗe ina cika baki cewa ina jin Faransanci, alhali abin da na iya bai wuce gaisuwa da ƙirga zuwa goma ba.

Da la'asar Baba ya miƙo mini kwalbar, ya ce in karanta in shafa. Washegari da sassafe za mu tafi Lafani sunan ɗan yayana, jikan Baba na farko, kuma mu ne masu kai rago. Baba bai faɗa wa kowa ba, amma kwana shida yana murmushi shi kaɗai, kowa ya gane yana sa ran takwara za a yi masa. So yake ya ji da kunnensa lokacin da liman zai raɗa sunan.

Na zauna a inuwar mota ina motsa leɓe kamar mai karatu, ban gane ko kalma ɗaya ba. Sai na koma ga basirata. Na ce in na shafa ta waje ai ruwa zai wanke shi, an yi asara ke nan. Saboda haka na shiga ciki, na juye kwalbar gaba ɗaya a tsohuwar hula, na mulke gilashin tun daga sama har ƙasa, na bar shi ya bushe.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Kaka, mahaifiyar Baba, tana baya, rago yana but wurin kaya, ni ina gaba ina jiran yabo. Muna fita gari ruwa ya kece. Ta waje ruwa ya zauna daram, ta ciki kuma gilashin ya yi fari kamar an watsa masa nono. Baba ya sa hannu ya goge, abin ya ƙara caɓewa. Ya gangara gefen hanya, ya sunsuni yatsunsa, ya daɗe yana dubana.

"Kai, mi ka yi ma gilashin ga?"

Na ce haka Faransawa suka rubuta. Kaka ta yi dariya har tana tari.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata, "in ruwa na zuba bisa rufi, kai tabarma kaka lulluɓewa?"

Ta laluba ƙarƙashin kujera ta zaro albasa biyu, don motar Baba ba ta rabuwa da su. Ta ce marigayi kakanmu, lokacin da yake tuƙa babbar mota, albasa yake rabawa ya goga wa gilashi. Baba ya raba su da wuƙar da aka tanada don rago, ya miƙo mini. Na fita cikin ruwa ina goga, idanuna suna zubar da hawaye, rago yana kuka a but kamar yana taya Kaka yi mini dariya. Baba kuma yana ciki yana dirza da gefen rawaninsa sabo, wanda ya saya don wannan rana. Wannan ne ya fi damuna.

Haka muka ci gaba a hankali, Baba ya leƙo da kai ta tagarsa, ni ta tawa ina sanar da shi ramuka. Ko jaki ya wuce mu, mai shi har ya tambaye mu ko lafiya.

A makaranta cewa nake albasar ta kori ruwa har tsuntsaye suna ganin fuskarsu a gilashi, kuma mun isa liman yana buɗe baki. Gaskiyar magana, albasar kaɗan ta taimaka, kuma mun makara. Mun iske an shafa fatiha, mutane suna fita da goro a hannu. Baba ya tsaya a zaure jiƙe sharkaf. Yayana ne ya matso ya durƙusa, ya faɗa masa cewa sunansa aka sa wa yaron. Baba ya gyaɗa kai, ya ce a kawo masa shi, ya riƙe shi a hannun da ke warin albasa, yaron ya yi atishawa.

Da hantsi aka yanka rago. Kwana biyu na yi ina wanke gilashin da sabulu kafin ya dawo daidai, ranar kasuwa kuma Baba ya gyara waifa.