Ilu Mai Randa da Injin da Ba Ya Shan Ruwan Rijiya

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Gumel ya san abin da ke faruwa idan hadari ya haɗo. Mata na gudun kwashe shanya, 'yan tireda na rufe kaya, shi kuwa Ilu sai ka gan shi ya fito a guje rungume da randa. Ruwan farko ba ya tarawa, wai wankin kwanon rufi ne. Daga na biyu sai ya jera randunansa ƙarƙashin indararo, ya tsaya a kansu cikin ruwa har su cika, ya rufe kowacce da faifai, ya ɗaure da tsumma. Kuma kada ma ka kawo moɗa, don ruwan lagireton a-kori-kurarsa ne.

Ni taubashiyarsa ce, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka tun muna yara nake faɗa masa abin da kowa ke tsoron faɗa. Yau da muka taru sadakar arba'in ɗinsa ba zan canza hali ba. Raina a ɓace yake. Na ji ɗansa Nasiru ya gama magana da 'yan gwangwan su zo ranar Asabar su ciro injin motar su farfasa. Nasiru, zauna inda kake, sai na gama ba da labarin ubanka.

Ilu ya fi sanin asalin injin nan fiye da asalin gidanmu. Tambaye shi sunan kakan kakanmu, sai ya hau sosa ƙeya. Amma taɓo inji ka sha labari. Wai kakan injin nan a Faransa aka haife shi, ɗan ƙarami, silinda huɗu, an kwantar da shi a karkace. Daga baya aka faɗaɗa masa ciki, aka sake faɗaɗawa, har aka zo ana harhaɗa jikokinsa a Kaduna, su ne suka cika tashoshinmu shekara da shekaru. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuwa alminiyon, kuma a nan lagonsa yake. A cewar Ilu, ruwan rijiyoyinmu yana barin ɓawo a cikin lagireto kamar gindin tsohuwar buta. Hanya ta toshe, inji ya ɗau zafi, kai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Injin nan ba ya mutuwa, kashe shi ake yi." Ni da ko keke ban iya ba, na haddace duk wannan dole.

Kada ku ɗauka wai motar lafiyayya ce. Kafiretarta na shan mai kamar ba gobe, kuma kullum safiya sai maƙwabta sun fito turi. In ka ce ta lalace, kun ɓata ke nan. "Dattijo ne," in ji shi, "ba a tashinsa da gaggawa."

Wata Alhamis na loda riɗina a bayanta za mu kasuwar Maigatari. Mun yi rabin hanya robar lagireto ta fashe, ruwa ya tsiyaye tas. Ya ɗaure robar nan da nan, sai dai ya manta jarkarsa ta ruwan sama a gida. Allah da ikonsa ga rijiya a bakin hanya, wani Bafulatani na shayar da shanu. Bawan Allah ya ciko ƙwarya ya kawo.

Ilu ya ce, "Allah ya saka da alheri, amma ba ya sha."

Bafulatanin ya ce, "Wa?"

Ilu ya nuna mota. Mutumin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta yana neman dabbar.

Wallahi ɗan acaɓa Ilu ya tare, ya aike shi har Gumel ya ɗauko jarka. Muka zauna gindin aduwa rana na dukanmu. Na ce, "Haba Ilu, ruwan da muke sha tun muna goye, ga mu da ranmu!"

Ya ce, "Ke in kin sha, kya zaga bayan gida ki rabu da shi. Shi ina zai kai nasa?"

Muka isa Maigatari masu saye daga Nijar sun daɗe da ɗaure kayansu. Da riɗina na dawo gida, kuma har yau ban huce ba.

Ga Hauwa nan, 'yarsa, tana rufe fuska don ta san inda zan dosa. Ranar da iyayen mijinta suka zo daga Ɗanzomo neman aurenta, a cikin irin motar suka zo. Ilu ya ji ƙarar injin tun kafin ya ji sallamarsu. Ya bar dattawa zaune a tabarma da goronsu, ya fita ya ɗaga murfin mota, ya jira ta huce, ya tsoma yatsa a lagireto. Yatsa ya fito ja wur da tsatsa.

Ya dawo ya ce, "Wa ke ba shi ruwa?"

Baffan yaron, cikin alfahari, ya ce, "Ai yaron da kansa, Malam. Shi ke tuƙa ta."

Ilu ya ce, "To ku gaida gida. Wanda ya yi wa inji haka, me zai yi wa 'yar mutane?"

Yarinya tana son yaron, tana ta kuka a ɗaki. Sai da na je na wanke shi tas a gaban kowa, na ce ko ya ba da 'ya ko na fasa randunan nan ɗaya bayan ɗaya da taɓarya. Ya san zan aikata, ya sauko. Amma ranar kai amarya, cikin kayan ɗakinta ya cusa randa guda a ɗaure, ya ce ta motar ango ce. Ban taɓa jin wata amarya da aka kai da ruwan da aka hana ta sha ba sai Hauwa.

Matarsa Rabi kuwa aljanna ce kawai za ta biya ta. Wata bazara famfo ya ɗauke, ta ɗebi kwano ɗaya a randarsa ta dafa masa tuwo. Ya ci ya ƙoshi, sannan ya lura ɗaurin tsumman ba nasa ba ne. Ya yini yana mita. Ta gaji ta ce, "Malam, tsakani da Allah, da ni da injin nan wa ka fi so?"

Ya tsaya yana lissafi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Can ya ce, "Shi dai ba ya tambaya."

To, cikin bazara ya rasu, kun sani. Famfo a ɗauke, 'yan garuwa ba su shigo ba, masu wanka na zaure suna jiran ruwa. Randa biyu suka rage a bayan ɗaki. Na iske ka, Nasiru, tsaye a kansu ka kasa taɓawa. Ka ce, "Goggo, Baba ya hana." Na ce, "Ɗauki, yau kam ba zai yi magana ba." Da muka kwance tsumman, ruwan nan garau, da sanyinsa. Tsawon shekarun nan ko kurɓa Ilu bai taɓa yi ba, shi ma na rijiya yake sha kamar kowa. A nan ne na fashe da kuka.

Saura randa guda, da ɗaurin hannunsa a bakinta, kuma ka san ta wane ce. Kai da ka ji nauyin taɓa ruwan, yanzu mai ruwan za ka miƙa wa masu guduma su ɗora a sikeli? Injin nan shi ya yi jigilar hatsin da ka ci ka girma. In kai ba ka iya turi, ga mijin Hauwa nan, ya daɗe da tuba daga ruwan rijiya, ka ba shi motar da randarta. In kuwa ka ƙi, 'yan gwangwan ɗinka za su iske ni ranar Asabar zaune a kan murfinta, sai su fara aunawa da ni.

Ilu, ka sa na yi asarar kasuwa, na yafe maka. Allah ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka. Yadda ka tsaya cikin ruwa kana tara wa abin da ba zai iya gode maka ba, Allah ya saukar maka da ruwan rahamarsa, wanda ba a ɗaurewa da tsumma. Amin.