Matar da Ta Karɓe Cokali

Mai gyaran takalma yana kallonta daga rumfarsa a bakin tasha. Dattijuwa ce gajera, silifas ɗinta ya suɗe ta dunduniya. Farfaɗiya ta kayar da wani saurayi, mutane suna ja da baya don gudun yawunsa. Ita kuwa ta karɓe cokalin da ake shirin cusa masa, ta juya shi kan gefensa, ta tallafe kansa da jakarta. Ba yau wannan hannun ya fara ba.

Da ya farfaɗo ta ce, "Yaushe rabonka da magani?"

"Wata guda, Mama. Ai na warke."

"Maganin ne yake riƙe da kai. Koma masa yau."

Mai gyaran takalma ya ce, "Iya, ɗanki ne?"

Ta kakkaɓe jakarta. "A'a. Nawa ma cewa ya yi ya warke. Allah ya jiƙansa."