Wai Amarya Zan Kawo

Tun da kafinta ya kafa mini kanta mai gilashi a ɗakin marigayiya matata, sallama ba ta yanke ba. Ni kuwa 'yan motocin gwangwani da nake ƙerawa zan jera, irin manyan motocin kasuwar Maigatari.

Ɗazu maƙwabcina ya shigo yana murmushi.

"Malam Sule, ashe jeren amarya ake shiryawa? 'Yar gidan wa ce?"

Na nuna masa motocin.

"Ikon Allah! Har kayan wasan yara ka tanada?"

A da ba mai leƙo ni, yau har tuwo aka aiko.

Jama'a, in fahimtar da su, gidan ya sake yin shiru?