Harsasai Uku a Aljihun Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Haruna, amma har yau ban san ko ina da hannu a mutuwarsa ba.

Yaya manomin rake ne a wajen Taba. Da fashi ya yi yawa a hanya, ya shiga cikin 'yan sintiri masu raka manoma kasuwa. Wata 'yar bindigar hannu gare shi, ƙirar maƙera, harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ni kuwa baki gare ni, Allah ya sani. Kullum sai na tsokane shi, in ce wannan ko zomo ta harba sai ya waiwayo ya yi dariya. Shi dai murmushi yake yi, ya ce hannunsa ya san ta, kuma ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Ban ƙyale shi ba. A majalisa ina ta zuba bayani kamar tsohon soja, wai sai babban harsashi ke kayar da ƙato, alhali ko kaza ban taɓa harbi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da surutuna ya ishe shi, ya yi musayarta da wata babba mai nauyi.

Kwana tara da musayar, da la'asar sakaliya, 'yan fashi biyar suka tare motarsu suna dawowa daga kasuwar Makarfi. Direban ya ce Yaya ya yi harbi ɗaya, bindigar ta fizge masa hannu, harsashin ya tafi sama. Ya sa hannu a aljihu zai ƙara ɗuri, sai suka riga shi. Da muka je ɗauko gawarsa, harsasai uku na tarar a aljihun, duk na tsohuwar bindigar. Tsohuwar rigarsa ta aiki ya saka ranar.

Tun lokacin kowa da abin da yake gaya mini. Abokan sintirinsa sun ce da ƙaramar ce a hannunsa da bai yi kuskure ba. Wani tsohon ɗan sanda a Ikara ya ce ƙaramar ba ta tsayar da mutum biyar. Direban ya ce sauran fasinjoji duk an sake su, wanda ya zaro makami kaɗai aka kashe. Liman ya ce ajali ne, in daina. Na yarda da ajali, wallahi na yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ina yawan tunanin me zai ce da zai ga yau, inda samari ke musun girman harsashi daga abin da suka kalla a waya, irin musun da na yi. Wataƙila murmushin nan nasa kawai zai yi. Abin da ya bar mana dai shi ne haƙuri da mai surutu, da gonar rake, da ɗansa Sani.

Makon jiya Sani, wanda yanzu magidanci ne, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya shiga sintiri, duk da roƙon mahaifiyarsa.

"Baffa, an ce kai ka san bindiga. Babba zan nema ko ƙarama?"

Na tashi na ɗauko gwangwanin da na adana harsasan nan uku, na juye masa su a tafin hannu, na gaya masa inda na same su.

"Ban sani ba, Sani," na ce. "Wannan amsar ya kamata in bai wa babanka."