Fuskar Kawu Idi

Ranar wata Juma'a ta kasuwar Dogonduci, a shekarar da na shiga aji na biyu na koleji, wani baƙo ya yi sallama gidanmu muna sussukar hatsi. Daga Libiya ya zo, riƙe da hoton Kawu Idi, autan kakata, wanda ya shekara shida bai leƙo gida ba. Su biyu ne a hoton, kuma baƙon ya ce da shi zai koma, aron yini ɗaya kawai zai ba mu. Kaka ta goge hannu a zane ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ni kuwa wata uku ke nan ina taɓa kwamfuta a lakwal, wato makaranta, har ina ganin Arewa duka babu kamata. Na ce a bar mini, zan fitar mata da nata.

Na ruga wurin malaminmu Mushe Sani, don Mushe muke ce wa malaman lakwal, ya ɗauki hoton ya sa a kwamfuta, ya tafi masallaci. Da na ga hoton ya yi wa disket ɗina, ɗan faifan da nake ajiya a ciki, nauyi, ga zane-zanen furannina da ba na son gogewa, sai na bi wata dabara da ƙawata ta nuna mini: na rage launukansa zuwa goma sha shida, na ajiye shi a kan na asali. Washegari baƙo ya kama hanya da hotonsa.

Ran Litinin na buɗe don in haska fuskar, sai na tarar rabin maɓallan gyara sun dushe, sun ƙi taɓuwa. Kumatun Kawu sun yi dabbare-dabbare. Mushe ya mayar da hoton tsarin cikakken launi, maɓallan suka farka, amma tabon yana nan. "Launi goma sha shida kika bar mishi, cikinsu kaɗai zai zaɓa," in ji shi. "Wanda kika zubar ba ya dawowa."

Haka aka buga shi. Kaka ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta ce, "Rabi, mi ya samu huskar Idi?" Na sunkuyar da kai na ce wataƙila kyasbi ne, ruwan can ba shi da kyau. Sati guda ta yi tana neman sassaƙen magani, har ƙauyen Keshe ta taka da ƙafa, ta daka, ta ƙulle a tsumma ta ba masu tafiya Libiya su kai mishi. Ni na riƙa tankaɗe mata garin.

Ta rasu kafin ya dawo. Da ya zo, fuskarsa sumul, ya tambayi gida duka wa ya ce wa Innarsa ba shi da lafiya. Ina tsaye a bakin murhu, sai na duƙa na shiga hura wuta.

Yau ɗiyata takan gyara hoto goma a waya kafin tuwo ya nuna, in ta ɓata ta koma baya da yatsa ɗaya. Kawu ya tsufa, kullum da yamma yana zaune a ƙofar gida. Har yanzu bai san ni ce ba, nakan gaishe shi in wuce.