Ba a Fasa Kwalba Don Yaro Ɗaya

Har yau ban manta da wata Talata ta tsakiyar damina ba, shekarar da aka cire tallafin man fetur. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani ɗan asibiti da ke bayan Bagwai, kullum daga gidanmu a Bacirawa nake tasowa. Kuɗin mota ya ninka, albashi yana nan inda yake. Na daina sayen abincin rana. In na sauka a bakin titi kuma ba na hawa acaɓa, sai in ratsa gonaki da ƙafa, ina lallashin kaina da cewa geron bana ya yi kyau, iskar safe kuma ba a biyan ta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, allurar rigakafin ƙyanda ana yi wa yaro ne idan ya cika wata tara. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta, in ba ta ƙare cikin 'yan sa'o'i ba sai zubarwa. Shi ya sa a asibitinmu ba a fasa kwalba sai yara sun taru. A da suna taruwa. Da kuɗin acaɓa ya tashi, bencin jira ya koma wayam.

Ranar mace ɗaya ce ta zo don wannan allurar. Sunanta Ladidi, daga wani ƙauye can ƙetaren rafi, da ɗanta Sagiru a goye. Na duba katinsa, na nufi wurin Malam Sabi'u, shugaban asibitin, wanda makullin firji ke hannunsa.

"Yara nawa?" in ji shi.

"Ɗaya ne, Malam."

"Ɗaya tal? Ce mata ta dawo Talata mai zuwa."

Ashe Ladidi ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ai wancan makon ma haka kuka ce. Kazata na sayar na hau mashin ɗin nan. Mako mai zuwa me zan sayar, zakaran maƙwabta?"

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. In na zubar da na yara tara, masu duba aiki daga ƙaramar hukuma ni za su titsiye, ba ke ba."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, a gida ma tsokana ta ake yi wai ko akuya ba na iya kora. Amma ranar na kasa haƙura. Da safen nan wannan mutumin ya gama yi mana ƙorafin tsadar man babur ɗinsa, har yana cewa Juma'a ba za a gan shi ba. Ya san wahalar kuɗin hanya sarai.

Na ce, "Malam, ba ni makullin. In sun zo a ce ni na fasa."

Ya yi dariya. "Sista, ke da har yau ba a tabbatar miki da aiki ba? Wa zai saurare ki?" Ya jefa makullin a aljihu, ya buga babur, wai yana da taro a sakatariya.

Ladidi ba ta zagi kowa ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "Allah Ya ba da lada, Sista," ta kama hanyar rafi da ƙafa. Na laluba jakata, kuɗin komawa gida ne kawai a ciki. Na tsaya ina kallon kan Sagiru yana lilo a bayanta har dawa ta rufe su.

Talata ta zo, Ladidi ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Na nemi a kai ni ƙauyensu da akwatin sanyi na ɗaukar allurai, aka ce babu kuɗin mai.

Bayan kaka muka buɗe firji don tantance kaya. Kwalaben ƙyandar nan suna jere, ba a taɓa su ba, wa'adinsu ya wuce. Ni aka sa na kwashe su zuwa ramin ƙonawa. Babu wanda ya titsiye kowa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na gano. An koya mana tsoron asarar kwalba, domin ita ake tambayar mu. Yaron da aka mayar gida kuwa babu mai tambayar sa. In uwa ta iso gabanku, ta riga ta biya abin da ba za ta iya sake biya ba. Ku fasa kwalbar.