Famfo Mai Dogon Wuya

Shekarun baya can, ina sabon kama aiki a Nguru, na ƙuduri niyyar gyara wa mahaifiyata kicin a gidanmu na Gashuwa. Ruwan unguwarmu ba shi da ƙarfi, shi ya sa famfonmu yake cikin rami a tsakar gida. Sai ka sauka ka durƙusa za ka tara. Amma ko ruwa ya ɗauke wa kowa, namu yana tsiyaya, matan maƙwabta kullum suna gidan da bokitai.

Ni kuwa ramin nan kunya yake ba ni. A wani shago na hango kan famfo ruwan gwal, wuyansa dogo a lanƙwashe, ban ko tambayi komai ba na saya. Na sa aka kafa shi a kicin, aka cike ramin, aka shafe da siminti. Inna ta shafa shi ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Na koma Nguru ina ji da kaina.

Da Sallah na dawo, na tarar ƙanwar Inna ta zo daga Dagona da kifi. Na ja ta kicin don ta ga aikina. Na murɗa famfo, ya yi huci, ya yi tari, ko ɗigo babu.

"Yau ba su kawo ba ke nan," na ce.

Ta dube ni. "Ɗana, wane yau? Ruwan da ke rarrafe ne zai hau wannan wuyan? Tun da ka tafi bai zubo ba."

Ba ta rufe baki ba sai Inna ta yi sallama, bokiti a kanta, mayafinta ya jiƙe. Daga maƙwabta take. Matar da unguwa ke ɗiba a gidanta, ita ce ke bin layi a gidan wasu, kuma ta hana kowa ya gaya mini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da kaina na ɗauki diga na fasa simintin. Da na zo cire mai ruwan gwal ɗin, Inna ta riƙe hannuna.

"Bar mini abina. Ɗana ne ya saya."

Tun daga nan, in zan saya wa wani abu, sai na fara kallon yadda yake rayuwa. Famfon yana nan har yau, kuma har yau in na gan shi sai na sunkuyar da kai. A wuyansa Inna take rataye ludayi.